Wa Zai Zauna da Kare

Duk shekara, da zafi ya fara kamawa ana dosar Kirsimeti, don a ƙasar nan tamu cikin zafi ake bikin, sai ɗana Warwick ya kwaso iyalinsa su cika mini kicin, wai sun zo tsara tafiya. A kan teburina suke tsarawa, suna cin gasasshen naman da na kwana biyu ina tattali, tantin da za su kwana a ciki ma na marigayi mijina ne, Clarrie. Ni kaɗai ce ba a lissafawa.

Dalilin kuwa kare ne. Gandun gwamnati na bakin teku ba a shiga da kare, dole wani ya zauna gida da Dozer, wani ƙato mai dalalar da miyau wanda Warwick ya kawo ba da shawarar kowa ba. Tun da Clarrie ya rasu, ni ce mai zaman. Ni da na fara kafa tanti a bakin tekun nan tun Warwick yana ciki, yau ni ce nake bikin Kirsimeti ina kwashe kashin kare a leda, su kuma suna turo mini hoton faɗuwar rana.

Bana na ce ba ta saɓuwa.

Ranar Lahadi suka zo. Warwick ya ɗaga waya yana washe baki. "Na kama mana fili, na kusa da famfo. Mutum shida suka yarda, ba ƙari. Ni da Narelle, yara biyu, sai Shane da matarsa."

Narelle matarsa ce. Shane kuma ƙaninta ne, mutumin da ke lodin sandunan kamun kifi kamar zai yaƙi teku, ya dawo ba ko ɗan tsako, sai bayan da rana ta saɓe masa.

Na ce, "Ban ji sunana ba."

"Haba Mama, kin san gwiwarki. Ga yashi, ga gangaren nan."

"Gwiwar da jakin karenka ke ja safe da yamma? A titi lafiyarta lau, sai an ambaci teku take ciwo?"

"Ai Dozer ya saba da ke."

"Ni ban saba da shi ba."

Shane ya yi dariya da nama a baki. Na ce masa ya haɗiye tukuna, kifin ma da ba ya kamawa ya fi shi iya rufe baki.

Warwick ya miƙe, wai bari ya duba tanti ko ɓera ya ci. Ya je ɗakin ajiya na bayan gida, ya tarar da sabon kwaɗo. Ya dawo yana muzurai.

"Ina makullin?"

Na dafa ƙirjina. "Yana nan ciki. In kana da ƙarfin hali zo ka ciro. Tantin ubanka inda na je nan zai je."

"Sai in ara a wani wurin."

"A Kirsimeti? Kowa nasa yana kan mota. Je ka kwana gindin bishiya kangaru ya shinshina ka."

Na zata Narelle za ta taso mini, don na daɗe ina zargin ita ke cire ni. Sai kawai ta ajiye cokali ta ce, "Mama, ɗauki wurina. Ni zan zauna da Dozer."

Warwick ya ce, "Ke? Ba ke kike son wurin ba?"

"Wa ya gaya maka? Kai da Shane ku tafi ku tsaya wa teku a kai, ni ina gaban murhu ina suya, ƙudaje na shiga mini hanci. In wanke kwanuka a bokiti, in kakkaɓe yashi daga shimfiɗa, in raka yara wannan masan mai wari. Ruwan tekun nan bai taɓa wuce mini idon sawu ba. Ku bar ni da kare da fanka."

Ashe mu biyu ake ci wa tuwo a ka, ɗaya a gida ɗaya a daji.

Warwick ya sosa ƙeya, ya kalli Shane, Shane ya kalli farantinsa. Can Warwick ya ce, "To wa zai yi girki?"

Duk suka juyo gare ni, har da jikokin.

Na zaro makullin, da ɗuminsa, na cilla masa a kan tebur. Sannan na ɗora ƙafa a kan kujera ina murza ta a hankali.

"Ka san gwiwata, ɗan nan. Kai da bakinka ka faɗa. Tsayuwa gaban murhu ba tawa ba ce. Kujerar ubanka mai ninkewa tana bayan tantin, ka sa mini ita a mota. In mun isa ka kafa mini ita daidai inda ruwa ke taɓa ƙafa, shayina kuma ba na son shi da sanyi."

Narelle ta ɗauki ƙashin da ya fi kowane tsoka ta miƙa wa Dozer a ƙarƙashin tebur.