Gwiwar Maigidana

Shekara da shekaru gwiwar maigidana ce ke faɗa wa manoman unguwarmu ranar ruwa. In ta fara zogi, mai shanya ya kwashe, mai iri ya shirya. Kullum da safe bencin ƙofar gidanmu cike yake da masu tambaya, shi kuwa yana shafa gwiwar yana hura hanci. Har sunansa ya ɓace, sai Mai Gwiwa.

Sai likita ya yi mana aika-aika, ya warkar da ita. Mutumin nan ya dawo gida yana takawa garau, fuska kamar an yi masa rasuwa. Na san ba ciwon yake kewa ba, tsoro yake bencin ya zama wayam. Ya ba ni tausayi ƙwarai.

Ni na ɓata shi. 'Yarmu ta aiko mini da babbar waya, ta nuna mini inda ake duba yanayi. Da safe sai in leƙa in raɗa masa, ya fita yana ɗingishi. Bai taɓa dacewa irin na daminar nan ba, har ya fara yi mini iyayi da gwiwar, ni da ke sa cajin.

Ranar da wayar ta faɗa bokitin wanki, maƙwabcinmu Dogo ya zo tambaya ko ya baza wakensa ya bushe. Ina bayan ƙofa ina jinsu. Maigida ya shafa gwiwa, ya kalli sama, ya yi tari, ya kama zancen tsadar taki.

Dogo ya zaro tasa wayar ya ajiye a benci, hoton hadari ɓaro-ɓaro a fuskarta.

"Yaya, ina jin gwiwar nan za ta yi zogi da yamma."

Maigida ya daɗe yana kallon hoton. "Tun yaushe kuka sani?"

"Tun ranar da ka fito kana ɗingishi da ɗaya ƙafar."

Murya ƙasa-ƙasa maigida ya tambaye shi, to me ke kawo su, tunda kowa da tasa wayar a aljihu. Dogo ya ce waya dai ba ta matsa wa mutum ya zauna, ba ta kuma tambayarsa ya mai jiki.

Washegari bencin ya cika kamar kullum, wayar Dogo na ajiye a gefe. Maigida ya fito yana ɗingishi, da ƙafar daidai wannan karon. Ni kuwa sai da na koma ɗaki na share idona kafin na ɗora musu shayi.