Kantar Injiniya

"Riƙe ƙafar da kyau, ɗan nan, kada ta bugi ƙofa," in ji Mama.

Muna ta fama da shigar da mijinta bayan mota, ni da direba. Injiniya maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Bandejin ƙafarsa ya jiƙe sharkaf, amma bakinsa bai mutu ba.

"Mai wuta, hannunka rawa yake. Ko ka taɓa wayar da ba ta da riga ne?"

Na yi dariyar yaƙe. Ni na san abin da na taɓa.

Tun da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa ya mai da garejinsa wurin wasa. Yana da injin sassaƙar ƙarfe, ba ya yi wa kowa aiki, sai ya wuni yana feraye ƙarfe yana 'yar waƙarsa. Kayan injin suka yi masa yawa, ga bakunan yanka, ga kawunan nan masu damƙe ƙarfe, kowanne kamar dutsen niƙa. Sai ya tara tsofaffin fistin mota ya narkar, ya zuba cikin yashi, ya fitar da kanta ta alminiyam mai gurbin kowane abu. Wata uku yana gogarta. Da yake ni mai gyaran wuta ne, ina da injin huda bango, ni ya kira in kafa masa ita.

"Noti huɗu take ci, dogaye," ya ce. "Ka dai ga abin da za ta ɗauka."

Na ƙasa biyu suka shiga lafiya. Na sama suka ci karo da rodi a cikin bango. Ga waya na ta ruri, ana jirana a wurin aiki. Da ya shiga gida kawo mini shayi, na sa zarto na rage tsawon notunan, na cusa su. Ido ba zai gane ba. Na ce a raina gobe zan dawo in gyara. Gobe ta koma jibi, jibi ta koma sai na samu sarari.

Kwana tara kantar ta sauko masa a ƙafa da duk kayanta, shi kuwa mai ciwon suga ne. Mako uku yana jinya a gida kafin ranar da muka ɗauke shi.

A asibiti na tarar da babban ɗansa yana huci, yana hararata. "Wai wa ya kafa abin nan ne?"

"Kai, zauna," in ji Injiniya. "Zubina ne ya ci amanata. Iska ta shiga ƙarfen, kunnen kantar da ake ɗaura noti ya ɓalle. In ba ka yarda ba je ka duba."

Ɗan ya je ya duba, ya dawo ya ba ni haƙuri. Da ma mari ya kwaɗa mini da ya fi mini sauƙi.

Da muka rage mu biyu na matsa kusa da gadon. "Baba, maganar notunan nan..."

"Miƙo mini ruwa."

"Baba, ni ne na..."

"Ruwa na ce, mai wuta. Ko shi ma sai gobe?"

Na ba shi. Ya sha, ya juya fuska bango. Kwana huɗu bayan haka ya rasu. Na yi kuka har mutane na cewa maƙwabtaka ta yi daɗi, ni kuwa kunya ce take cina. Har na fara lallashin kaina cewa wataƙila da gaske kunnen ne ya ɓalle.

Bayan mako biyu Mama ta miƙo mini makulli. "Yara za su ɗauke injin. Cire masa wuta, marigayi ya yarda da hannunka."

Garejin na warin mai da ƙura. Kantar na kan tebur, kunnenta na sama a ɓalle. Na kai ta bakin taga na juya bayanta. Babu ramin iska ko ɗaya a jikin ƙarfen. Sawun kurfin saran ƙarfe ne guda uku a jere, daidai inda kunnen ya ɓalle, suna ƙyalli.

Kujerarsa na jingine da teburin, guduma a ƙarƙashinta. A gabanta ga ƙaramin benci da matashi a kai, tsakiyarsa a lotse, daidai inda ya ɗora ƙafarsa mai ciwo.