Ranar da Dije Ta Daɓe Siminti

Duk ɗakin amaryar da aka daɓe a Tudun Wada cikin shekara talatin, da hannun Dije a ciki. Ita ke zaɓen tsakuwa, ita ke jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawar nan da ake yayyafa ruwansa don ƙasa ta yi ƙarfi ta yi duhu, ita ce kuma mai ba da waƙa mata suna amsawa suna dukan ƙasa da madaɓai. Gajeriyar mace ce mai faɗa. In ta shiga ɗakinki ba fuskarki take fara duba ba, ƙasa take duba, in kuwa ta ga daɓen ya yi rami sai ta ja tsaki ta ɗosana kamar wadda ta zo ɗiban wuta.

Ɗanta ɗaya ne a duniya, Ubale, shi ne na fari, sauran duk sun koma tun suna ƙanana. Saboda kunyar ɗan fari ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana mai taushi, ko da su biyu ne. Shekara shida ke nan yana Kano. A can ya koyi aikin siminti wajen 'yan kwangila, a can ya auri Maijidda, har ta haifi 'ya mace da damina, lokacin da hanya ta yanke, Dije ba ta samu zuwa suna ba. Ba ta taɓa cewa tana kewarsa ba. Amma kowa a unguwar ya san duk ranar kasuwa tana samun dalilin bi ta inda motar Kano ke tsayawa.

A bazarar 1956 Alhaji Maikano, mai sayen gyaɗa, ya gina kanti a bakin kasuwa, da rufin kwano da baranda mai faɗi, ya ce shi ƙasan kantinsa siminti za a zuba, irin na birni. Ba a taɓa yi ba a garin. Ya aika aka kirawo Ubale.

Ranar da ya iso ya je gaida Furera, ƙanwar mahaifinsa marigayi, ya ce mata, "Gwaggo, in aikin nan ya yi kyau wasu ma za su so, sai in ɗauko Maijidda da yarinya in dawo gida gaba ɗaya. In ya lalace kuwa, ba ni da idon zaman garin nan."

Ya san inda maganar za ta je, shi ya sa ya faɗa. Furera ko mayafi ba ta gyara ba ta kai wa Dije. Dije ta ce, "To, shi ya sani," ta ci gaba da tsintar wakenta. Ran nan sau biyu ta sa wa miya gishiri.

Ranar Juma'a aka zuba simintin. Tun da aka idar da sallar asuba Ubale da leburorinsa biyu suke kwaɓawa suna zubawa, shi yana bi da cokalin gini yana shafewa, har ciki da baranda suka kwanta sumul. Rana ta kusa tsaka ya sa aka kange wurin da zana, ya ce kada kowa ya taka, suka tafi wanka don su sami masallaci.

Bayan tafiyarsu Dije ta zo da ƙwaryar fura. Ba ta tarar da kowa ba, sai ta ɗaga zana ta leƙa. Ta durƙusa ta danna yatsa a gefe, yatsan ya nutse.

"Wannan ai kunu ne," in ji ta.

Ku yi mata adalci. Mace ce da tun tana budurwa ta san abu ɗaya, ƙasar da ba a daka ba ba ta ƙarko. Ga ɗanta ya shimfiɗa ƙasa ya tafi ya bar ta ba duka, ba tsakuwa a sama, ba waƙa. Me za ta ɗauka? Ta ɗauka tunda matarsa tana Kano ba shi da mai tara masa mata, kunya kuma ta hana shi roƙon uwarsa. Tausayinsa ya kama ta har idonta ya ciko. Ta ajiye furar ta nufi gida da saurin da rabonta da shi tun tana goyo.

Kafin liman ya hau mumbari ta tara tsofaffi shida, Furera a gaba, kowace da madaɓinta. Ta fito da tsakuwar rafin da ta jima tana tsinta tana ɓoyewa a tulu, farare da jajaye da baƙaƙe, wadda ko 'yar mai gari ba ta ɗibar wa ba. Suka watsa ta kan simintin. Suka fara daga ƙurya suna ja da baya yadda aka saba, kowace tana daɓe sawun ƙafarta, Dije na ba da waƙa. Furera ta ce ƙasar nan tana cin hannu. Dije ta ce ragwanci ne, a ci gaba.

Aka sauko daga masallaci, Ubale ya jawo Alhaji Maikano ya zo ya ga aiki. Tun daga rumfar mahauta suka jiyo tim, tim, tim, da amshin waƙa. Ubale ya tsaya cak. Sai kuma ya ruga a guje, babbar rigarsa na tashi.

Ya tarar sun kai bakin baranda, saura kamar tabarma ɗaya. Wurin da ya bari kamar fuskar ruwa ya koma tudu da kwari, duk shatin madaɓi, tsakuwa ta nutse rabi da rabi, simintin kuwa ya soma kamawa. Matan suka ɗago suna haki suna murmushi, suna jiran sannu da aiki.

Alhaji ya iso ya yi salati. Ya ce, "Buhu goma sha biyu, daga Kano a kan mota. Babu wani kafin damina." Mutum ne mai kawaici, bai ɗaga murya a gaban tsofaffi ba. Ya dai ce gobe zai tafi Kano, kwana goma zai yi, in ya dawo ya ga abin da zai gani. Ya juya ya tafi.

Ubale ya durƙusa gaban uwarsa.

"Inna, ba a dukan siminti."

"Ba a dukansa? To me zai riƙe shi?"

"Shi yake riƙe kansa, Inna."

Dije ta dubi madaɓin da ke hannunta, ta dubi yatsunta da suka yi fari suka tsattsage. A nan ta gane da hannunta ta kori ɗanta daga gari. Ta bi ta bayan kasuwa ta koma gida don kada a ga fuskarta, kwana biyu ko ƙofar zaure ba ta leƙa ba.

Rana ta uku da hantsi ta fito, da ɗan dutsen niƙanta a ƙulle cikin zane. Ta tarar da Ubale shi kaɗai yana kwara wa simintin ruwa, don haka ƙa'idarsa take, ko ya lalace sai an shayar da shi. Ya gaishe ta, ta amsa ba ta dube shi ba. Ta wuce ƙurya ta durƙusa ta fara goga dutsen a kan wani tudu.

"Inna, ki bari. Aikin gama ya gama."

"Wannan tsinin zai yanki ƙafar wani," in ji ta. "Ni na yi shi, ni zan kwantar da shi."

Ba gyara take nema ba, zama ne ya gagare ta. Ta yi ta guga, ruwa da garin siminti suka zama farin kunu a ƙarƙashin dutsen, har gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Da ya ga ba za ta tashi ba sai ya ɗebo ruwa a ƙwarya ya zuba mata don hannunta ya huta. Ruwan ya wanke wurin. Ga farar tsakuwa nan ta fito, dutse ya yanke kanta ta yi lebur, ga ja kusa da ita, ga baƙa, duk sun zauna daidai da simintin kamar tare aka halicce su.

Ubale ya shafa wurin da tafin hannu, ya sake shafawa. Ya taɓa ganin irin wannan a wani babban kanti a Kano, wanda aka ce baƙi ne suka yi da inji, kullum in ya bi ta nan sai ya tsaya yana tunanin yadda aka jera duwatsun. Ashe ba jerawa ake ba.

Ya tuɓe riga ya ce, "Inna, akwai wani dutsen a gida?"

Kafin la'asar Furera ta zaga unguwa. Tsofaffin nan da kunya ta rufe suka dawo, kowace da ɗan dutsen gidanta, wasu har da na maƙwabta. Kwana bakwai tuwo bai sauka da wuri ba a rabin Tudun Wada. Magidanta suka yi ta ƙorafi a dandali, wai an kwashe duwatsun niƙa an kai wa Maikano yana niƙa kantinsa. Aka bar su da bakinsu.

Su kuwa suna nan a durƙushe tun safe, ruwa da yashi mai laushi da guga. Aiki ne mai cin gwiwa da kafaɗa, ba waƙar da ta dace da shi. Dije da Ubale suka riƙa faɗawa layi ɗaya ba tare da kowa ya shirya ba, kafaɗa kusa da kafaɗa. Tun da aka yaye shi aka miƙa wa kakarsa ba su taɓa daɗewa kusa da juna haka ba. Ba su yi hira ba. In dutsenta ya bushe sai ya zuba mata ruwa, in ya tsallake wani tudu sai ta nuna masa da haɓa. Dije ta ji daɗin kwanakin nan fiye da yadda za ta iya faɗa, ga kuma tsoro na cin ta.

Da guga ta ƙare ta ce a sa makuba. Ubale ya ce Inna a yi haƙuri, wanda ta yi ma ya isa. Suka ja, Furera ta raba su da cewa a gwada bayan ƙofa inda ba mai gani. Aka gwada. Washegari tokar simintin ta koma ruwan goro, tsakuwar kuma ta ƙara fitowa. Ubale da kansa ya ɗauki tulun makubar ya bi ko'ina. Da ya bushe suka murza man kaɗe da tsumma, har mai tsayawa a baranda yana ganin inuwar ginshiƙi a ƙasa.

Alhaji Maikano ya dawo ranar kasuwa. Ya sauko daga mota da fuskar wanda ya shirya haƙuri. Aka janye zana. Ya tsaya a bakin baranda ya daɗe, sannan ya cire takalmansa ya taka a hankali, ya kai ƙurya ya dawo. Jama'a suka cika wurin, masu tallan nono ma suka sauke ƙorai suna leƙe.

"Ubale," in ji shi, "ina da gida a Kano, abokaina suna da kantuna. In suka ga wannan, aikin shekara uku ba zai ƙare maka ba. Motar nan jibi za ta juya. Ka shirya mu tafi."

Dije tana bayan taro ta ji. Da ya lalace zai tafi, da ya yi kyau ma zai tafi.

Da yamma ya shigo gida ya same ta a tsakar gida tana shafa wa yatsunta mai, Furera na gefe. Ya durƙusa ya faɗa mata abin da ta riga ta ji.

"To," in ji Dije, idonta a kan hannunta. "Arziki ne ya kira. Allah ya yi albarka."

Bai tashi ba. Ya ce, "Inna, shekara shida duk zuwan da na yi, Allah ya yi albarka kike ce mini. Ni kuwa jira nake ki ce in zauna."

Bakin Dije ya motsa, maganar ta ƙi fita. Shekara talatin tana danne irinta, ba ta san ta inda ake fara ta ba. Ta juya wajen Furera.

"Furera, ki gaya wa wannan mutumin, ɗakin da ke kusa da rumbu tun bara na sa aka yi masa sabuwar jinka. Ƙasan ne ya rage. Ni kuwa ga hannuna, ba zai iya ba."

"Ga shi a gabanki," in ji Furera, tana share ido da bakin zane. "Ki gaya masa da kanki mana."

"Ai na gaya masa."

Ubale ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa. Ya miƙe ya ce bari ya je ya ba Alhaji haƙuri tun bai sa rai ba, motar jibi kuwa zai bi ta, amma ɗauko Maijidda da yarinya za shi. Ya kai bakin zaure ya waiwayo.

"Inna, ɗakin, siminti za a zuba ko daɓe?"

"Daɓe," in ji Dije. "Yarinyar rarrafe za ta fara, siminti sanyi gare shi."