Makarar Alhaji Awaisu

"Ku fito mana, ku maza!" na ce, ina tsaye a tsakiyar layi da matsamin ƙosai a hannu. "Maƙwabcinku ne fa a kwance!"

Ba wanda ya fito. Ƙofofin zangon Sokodé duk a rufe, motar sojoji kuwa tana ƙarƙashin mangwaro a bakin layi, inda ta saba tsayawa.

Da hantsi Alhaji Awaisu ya cika. Ni na fara jin kukan matarsa, Hajiya Husseina, don a gefen zaurensa nake suya tun yana mai gidan fataken shanu. A lokacin duk wanda ya koro shanu daga Dapaong gidansa yake sauka, ya ci, ya kwana, kuma ko maraƙi ba ya sayarwa sai ta hannun Alhaji. Da aka sami 'yancin kai ya bar shanu ya shiga jam'iyyar sarakuna, ya zama depite, wato ɗan majalisa, ya riƙa zuwa majalisa a Lome. Maganarsa ɗaya ce kullum: kada a taɓa sarakuna, kada 'yan lakwal, wato 'yan boko, su ɗaga wa manya murya. Mun sha cacar baki da shi.

"Salamata, ke da ƙosai, mu da ƙasa," yakan ce.

"To Alhaji, da safe sai ka karya da ƙasar."

Sai ya yi dariya ya miƙo kwano.

Da sojoji suka karɓi mulki suka rushe majalisa, suka hana taro. 'Ya'yansa maza suka tsallaka Gana. Daga nan motar nan ta zo, kuma duk wanda ya shiga gaishe shi sai a kira shi bariki. Wahabu tela ya je, ya dawo hannunsa na dama ba ya riƙe almakashi. Zauren da a da ba ka samun wurin ajiye takalmi, sai kaji suka koma kiwo a ciki.

Ana jibi zai rasu na kai masa koko. Ya rame ƙwarai. Ya daɗe yana kallon ƙofa.

"Salamata, wa zai ɗauke ni?"

"Haba Alhaji, zango guda?"

Wallahi tausayinsa ya kama ni, duk da taurin kansa.

To ga shi an yi masa wanka an sa masa likkafani, makara tana zaure, maza biyu kacal: Malam Karim liman, da Wahabu mai hannu ɗaya. Mu mata ba ma ɗaukar gawa. Rana tana ta yi, Hajiya ta daina kuka ta zuba wa makarar ido.

Can sai muka ji kukan shanu. Garke ne ya shigo layin, bayansa tsoho Salifu na Korbongou da abokan tafiyarsa. Sun daɗe a hanya, ba su ji komai ba. A al'adar fatake baƙo ba ya kwance kaya sai ya gaida mai gidansa, shi kuwa Salifu bai taɓa sauya mai gida ba, ko da Alhaji ya daina kula shanu.

Ni da nake neman masu ɗauka, sai ga ni na tare shi a ƙofa.

"Baba Salifu, mai gida ya rasu. Ka ga motar can? Duk wanda ya shiga, suna gani."

Ya yi salati, ya juya ya dubi motar. Wani soja ya sauko ya jingina da ƙofarta, yana kallonmu.

"An yi masa salla?"

"Ba mutane, Baba."

"Mu shanu ne?" ya ce. "Tuwon gidan nan na ci tun ban yi furfura ba."

Suka jingina sandunansu a bangon zaure, suka yi alwala da ruwan randata. A ƙofar gida aka yi salla, sahu ɗaya. Suka ɗaga makarar, shanu suka dare suka ba su hanya. Suna wuce mangwaro na ji an tada mota. A hankali ta bi bayansu, ba gudu, har suka sha kwana.

Bayan la'asar Malam Karim ya dawo, Wahabu na biye da shi riƙe da tabarmar makara.

"An rufe shi?" na ce.

"An rufe shi."

"Ina su Baba Salifu?"

Malam ya dubi mangwaron. Ba mota. "Sojoji sun tafi da su," ya ce, ya shige gida.

Hajiya Husseina ba ta ji wannan ba. Ta tuƙa tuwon baƙi kamar yadda ta saba a da, ta ajiye akushi a zaure, ta rufe da faifai, kusa da sandunan. Shanun kuwa suka kwanta a ƙofar gida suna tuƙa, ba wanda ya zo ya kora su.