Minti Goma Sha Ɗaya na Orin Beal

Al'adar kwalejin ce tun fil azal: a wasan ƙwallon kwando na ƙarshe a gida, 'yan ajin ƙarshe ake fara sakawa, ko da mutum bai iya riƙe ƙwallo ba. Minti biyu, a tafa masa, a fitar da shi. Koci Merle Tackett ya san haka sarai, shekara goma sha tara yana yi.

To, ranar Asabar ya saka Orin Beal, wanda ya shekara huɗu yana ɗumama benci, ba a saka shi a wasa. Minti biyu suka cika, Tackett ya hango uwar yaron a tsaye tana kuka, ta tuƙo mota awa shida daga ƙauyensu. Sai ya bar yaron a fili. Minti goma sha ɗaya Orin ya yi a fili. Ya zubar da ƙwallo sau biyar, ya jefa ɗaya ta wuce kwando ta sami mai busa ƙaho a goshi. Da maki biyu aka ci su, gasar jiha ta wuce su.

Litinin da safe daraktar wasanni ta kira Tackett. Ta ce masu ba kwalejin gudummawa na neman wanda za a ɗora wa laifi. Idan a shirin rediyo na rana ya ce yara ne suka ƙi bin tsari, kujerarsa na nan. In ba haka ba, ya san hanya.

A gidan abincin Lurleen ake shirin, tsakanin soyayyiyar kaza da kofi. Masu bugo waya suka yi ta yi. Wani ya ce ai koci ba ya jefa ƙwallo. Wani ya ce yaro kuma ba ya saka kansa a fili. Wata tsohuwa ta ce a kore su duka, har mai ƙahon. Tackett fa tsoro yake ji, ba wasa ba. Shekararsa sittin da ɗaya, kuma ban da wannan aiki ko ƙusa bai iya bugawa ba. Duk da haka ya jawo makirufo.

"Ni na bar shi a fili. Laifina ne. Kada wanda ya sake ambaton sunan yaron nan."

Ranar Laraba, an sallame shi, yana zuba kayan ofis a kwali, Orin ya shigo. Tackett ya gyara tsayuwa, har ya shirya cewa ba komai.

"Koci," in ji Orin, "shekara huɗu ba wanda ya san ni a garin nan. Ranar Lahadi har a shagon aski ana zagina, da sunana, daidai. Abu ɗaya na taɓa yi a ƙungiyar nan, shi ma ka ƙwace."

Tackett ya ɗauki kwalinsa. Orin dai ya riƙe masa ƙofa, don kwalin na da nauyi.