Gonar da Shanu Suka Kwana

"Ba zan goge ba, Mushe," na ce.

Dakta Aboubacar, shugaban binciken da nake yi wa aiki, ya cire tabarau ya dube ni. Muna buronsa a Magarya, rahotona buɗe a gabansa, kusa da shi kuma ga takardar burs ɗin da za ta kai ni ƙaro karatu, tana jiran sa hannunsa.

Layi huɗu ne kawai yake so in cire.

A daminar 2019 aka tura ni ƙauyukan Dogo-Dogo in gwada wani sabon irin gero. Manoma goma sha biyu, kowa ya raba gonarsa biyu: rabi sabon iri, rabi irinsa na gado. Da kaka a ƙirga dammuna, a sussuka, a auna. In sabon ya fi, baɗi za a raba shi ga manoman Dungas da Magarya.

Ban taɓa yin damina mai daɗin wannan ba. A gidan Baba Tamu aka sauke ni, dattijon da ke shugabantar manoman. Kullum da hantsi in hau moto, yashi na kwasar taya, kayena, wato littafin da nake rubuta awo a ciki, ɗaure a cikin leda saboda ruwa. In na dawo, matarsa Inna Huraira ta riga ta dama fura, ta rufe da faifai. Lokacin da gero ya fara nuna sai ta gasa mini tumu, tana murje shi a tafin hannunta tana yi mini tsiya.

"Ƴar lakkwal, ƴar boko, ke da ke auna gero da sanda, kin ma iya surfe?"

"Na iya ci dai, Inna."

Har yau in na ji ƙamshin tumu, tsakar gidan nan nake gani.

Sabon irin ya ba da kusan ninki biyu. Na yi ta murna, har ranar da muka zaga gonar Baba Tamu bayan girbi. Na lura ƙasar ɓangaren sabon iri baƙa ce, cike da busasshen kashin shanu, ɗaya ɓangaren kuwa farin yashi.

"Baba, me ya sa nan ya fi can taki?"

"Nan shanun Fulani suka kwana rani guda," ya ce, yana murmushi. "Ke kin ɗauko mana baƙon iri tun daga nesa, sai mu sauke shi a kan yashi? Bayan sallar Juma'a muka yi shawara, kowa ya ba irin Hindatu wuri mafi kyau, kada yarinya ta koma wurin manyanta da kunya."

Na tsaya da kayena a hannu, na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Na bi gonakin ɗaya bayan ɗaya. Tara cikin sha biyu haka suka yi. Laifina ne, ban taɓa gaya musu a yi ƙuri'a kafin a zaɓi ɓangare ba. Na rubuta duk wannan, har da laifin nawa, cikin layi huɗu.

"Hindatu, ba ƙarya na ce ki yi ba," in ji Dakta, ran nan a buronsa. "An girbe dammunan nan, ke da kanki kika auna. Maganar shanu kawai za ki bari. Masu ɗaukar nauyin aikin ba su san kashin shanu ba."

"Geron ya san shi, Mushe. Wanda zai ajiye irin kakansa baɗi ya shuka wannan a kan yashi fa? Ba mu san ko ya fi ba. A sake gwajin."

"Babu wata damina a cikin projen nan, wa'adin aikin ya ƙare." Ya ɗora yatsa a kan takardar burs ɗin. "Yarinya ce ke. Ki yi tunani."

"Na yi, tun a gonar."

Ya mayar da takardar cikin aljihun tebur. Ni kuma na ɗauki kayena, domin nawa ne, da hannuna na cika shi.

Rahoton ya fita babu layukana, babu sunana. Na kwafe kayen shafi bayan shafi na aika wa kwamitin da ke duba irin waɗannan ayyuka. Wata goma sha huɗu shiru, sannan suka dakatar da ci gaba da rabon irin, suka ce a sake gwaji. Ba wanda ya kira ni.

Da na koma na ba Baba Tamu labari, sai ya ce:

"Ashe karramcinmu ne ya cuce ki, ƴata."

"A'a, Baba. Da na goge, ku zan cuta."

Yanzu ina koyar da ilimin tsirrai a wata koleji a yankin Mallawa. Ban yi nadama ba, kuma ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Burs ɗin wani aka ba, ya gama har ya dawo ana kiransa Dakta. Ni shekara shida ke nan ina neman wanda zai sa mini hannu, ban samu ba.