Hoton Ƙeyar Azza

Babu wata hanya a ƙasar Oman da motar Zuwaina ba ta sani ba. Yau tana Sur, jibi Nizwa, mako mai zuwa ta kama doguwar hanyar Salala da jakunkunan kyamara a kujerar baya. Duk gidan da ake ji da kai, in za a aurar da 'ya ita ake nema, don namiji ba ya leƙa taron mata, kuma cikin matan da ke riƙe kyamara babu mai idonta. Sai dai sana'ar tana da sharaɗi. A bakin ƙofa ake karɓe wayar kowace baƙuwa, sannan mata su tuɓe abaya su saki gashi. In an gama biki mai hoto ta gyara hotuna ta damƙa wa uwar amarya, ta goge nata a gabanta. Da wannan amanar Zuwaina take ci, ita ce kuma take ci mata rai, don ta yi shekara da shekaru tana aiki ba ta da amarya ko ɗaya da za ta nuna ta ce ita ta ɗauka.

Abin bai tsaya mata a wuya ba sai da Turawa da attajiran Indiya suka fara zuwa yin biki a otal-otal na kan dutse da na cikin rairayi. Mai shirya musu bukukuwan wata 'yar Lebanon ce, Madam Rima, wadda murmushinta bai taɓa wuce haƙora ba. Masu hotonta har Girka da Zanzibar take kai su. Zuwaina ta ci ado ta je ofishinta, ta buɗe mata kwamfuta: zobba a kan fure, takalmin amarya, kwanon halwa, alewar mutanen Oman, kujerar ango da amarya babu kowa a kai.

"Ke mai hoton biki ce ko mai tallan takalmi?" in ji Madam Rima. "Ina amaryar?"

"Amarenmu ba a nuna su, Madam."

"To ki ci gaba da ɓoyon su, 'yar uwa. Akwai wata Baturiya da ta sauka bara, ko gabas ba ta sani ba a garin nan, amma shafinta cike yake da amare. Masu biyana fuska suke son gani, ba igiyar takalmi ba."

Zuwaina ta fito kunnuwanta na zafi. Abin haushin shi ne ta ga aikin Baturiyar, kuma matar ko jakar Zuwaina ba ta isa ta riƙe ba.

Akwai kuwa hoto guda da ba ta goge ba. A garin Ibra ta ɗauke shi, a bikin wata yarinya mai suna Azza da wani Hamud. Da la'asar, kafin a sa wa amarya mayafi, Zuwaina ta tsayar da ita a tagar tsohon gidan ƙasa, ta juya mata baya, ta karkata mata wuya kaɗan. Gashi ya zubo har ƙugu, an kitsa azurfa a cikinsa, rana ta faɗo a kan ƙeyar. Tunda take ba ta taɓa ɗaukar irinsa ba. Hannunta ya ƙi gogewa, ta kwafe shi a ɓoye kafin ta share sauran a gaban uwar Azza. Yarinyar kuwa har mota ta aiko mata da halwa, tana ta kiranta Yaya.

Babu fuska a ciki, Zuwaina ta ce wa kanta. Ƙeya ai ƙeya ce. Ta ɗora shi a shafinta na Turanci, wanda ta tabbata babu ɗan Ibra da zai leƙa. Kafin mako ya zagayo Madam Rima ta kira ta da murya kamar zuma: akwai biki a Zanzibar bayan babbar salla, ta shirya fasfo. Zuwaina ta yi rawa ita kaɗai a ɗakin girki.

Abin da ta manta, ita da ta san gidajen ƙasar nan ciki da bai, shi ne azurfa tana da suna. Wadda ke gashin Azza ta kakar Hamud ce, kowace amaryar gidan da ita ake kai ta, kuma babu tsohuwar Ibra da ba ta san ƙirarta ba. Wata 'yar dangi da ke karatu a waje ta gani ta tura wa uwarta, uwar ta tura wa maƙwabciya. Ranar Juma'a a zauren maza wani abokin Hamud ya miƙa masa waya yana dariya, ya ce, "Ango, ashe mu ma da rabonmu a gashin nan." A daren aka mayar da Azza gidan ubanta sai an ji yadda aka yi. Zuwaina ta sauke hoton da sauri, amma ya riga ya shiga kowace waya.

Ummu Hamud, uwar angon, ta aiko a kira ta. Tana shiga tsakar gidan, Azza, wadda aka kawo tare da uwarta, ta tare ta, ta rame, idanu sun kumbura, ta kama mata hannu biyu.

"Yaya Zuwaina, gaskiya kawai za ki faɗa. Hamud ya rantse in ba da sanina ba ne, yau ɗin nan zan koma ɗakina. Ni na yafe miki, wallahi na yafe. Ki dai faɗa musu."

"Kwantar da hankalinki, ƙanwata," in ji Zuwaina. Har ga Allah a lokacin niyyarta ke nan.

Ɗakin cike yake da mata, an jeru jikin bango, turaren luban na tashi. Ta san rabinsu. Ba ta gama gaisuwa ba wata dattijuwa ta ɗaga mata hannu.

"Kafin ki buɗe baki, 'yar nan. Ke kika ɗauki 'yata Shamsa. Ke kika ɗauki 'yan matan gidan Halfan duka. In ajiye hotunan 'ya'yanmu kike yi, gara mu sani yau, mu san ofishin da za mu kai ki."

Zuwaina ta dubi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya, ta ga ƙofofin Ibra suna rufuwa, na Sur da Nizwa na bin su, ta ga fasfonta a aljihun tebur ɗin ɗan sanda. Tsoro ya kama ta sosai. Sai ta ji bakinta yana magana a natse, kamar tana gaya wa amarya inda za ta tsaya.

"Inna, ni ban taɓa ajiye hoton 'yar kowa ba sai da izininta. Azza ce ta roƙe ni. Na ce mata ba a yi, ta ce ai babu fuska. Ta ce kyau irin nata bai kamata ya ƙare a idon mutum ɗaya ba."

"Yaya!" Azza ta miƙe. "Yaya, ki ji tsoron Allah! Yaushe? Yaushe na ce haka?"

"Zauna, marar kunya," in ji Ummu Hamud. Ta ɗaga wayarta ta zagaya da ita. "Ku dubi tsayuwar. Ku dubi yadda ta karya wuya. Wadda aka ɗauka ba da saninta ba haka take tsayawa?"

Matan suka yi ta gyaɗa kai. Zuwaina, wadda ta karkata wuyan nan da yatsunta, ta sunkuyar da kai kamar an tilasta mata tona asirin da ba ta so. Uwar Azza ta ja mayafi ta rufe fuska, ta kama 'yarta ta fita da ita, yarinyar na tirjewa tana kiran sunan Hamud. Wata ta ce ai tun ranar kamu ta ga idon yarinyar a tsaye yake. Wata ta ce Allah ya rufa asiri da ba a kai ga haihuwa ba.

Aka kawo gahawa da dabino. Ummu Hamud da kanta ta zuba wa Zuwaina, ta matso kusa da ita ta dafa mata gwiwa.

"Ki yi haƙuri, ɗiyata, mun so mu zarge ki a banza. Mai amana irinki ta yi wuya yanzu." Ta rage murya. "Hamud ba zai zauna haka ba. Akwai 'yar ƙanwata a Mudaibi, yarinya mai kunya. Bayan babbar salla nake so a yi. Ke za ki ɗauka, ba na son kowa."

Ta bayan katanga ana jin kukan Azza, ana tura ta cikin mota. Zuwaina ta kurɓi gahawar, ta girgiza ƙoƙon alamar ya ishe ta, ta ajiye.

"Da farin ciki, Inna," ta ce. "Sai dai makon bayan sallar ina Zanzibar. In da hali a matsar da shi zuwa na gaba."